Je ka ce Baffanka ya zo da kansa

Ranar Lahadin da ta wuce, ranar kasuwar Gujungu, wani mai sayar da maganin feshi ya koro mini yaro. Wake ya fara fure, ƙwari sun sauka, ni kuma baƙi sun tsare ni a zaure. Sai na ƙirga kuɗi na ba ɗan yayana, na rubuta masa sunan maganin a bayan kwalin ashana, ya hau keke. Bayan azahar ya dawo da kuɗin a dunƙule a hannu, ya ce, "Baffa, wai ka zo da kanka."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na hau babur na tafi, ina tsara maganar da zan gaya wa mutumin tun a hanya. Na tarar da shi yana auna taki a kwano. Muka gaisa sama-sama, na ce, "Alhaji, kuɗin nawa ne ba su da kyau ko yaron ne ka raina?" Ya ajiye kwanon ya ce, "Malam, shekararsa nawa?" Na buɗe baki zan amsa, sai na tsaya. Na san an haife shi da kaka, na san bana ya cika azumi talatin karon farko, amma shekarar sai da na yi lissafi da yatsu. Alhajin ya yi murmushi ya ce, "To ka gani. Ni ban san shekarunsa ba, kai ma sai ka ƙirga. Abin da na sani, wannan kwalbar kan keke za ta bi rana, murfinta ba shi da tabbas, kuma a gida akwai ƙannensa."

Na karɓi maganina na dawo. Fushin ya huce tun kafin in bar bakin kasuwa, amma maganar ba ta bar ni ba.

A Ingila, idan ka je sayen taba ko giya, mai kanti zai dubi fuskarka, in ka yi kama da wanda bai kai 25 ba sai ya nemi katin shaida, alhali doka 18 ta ce. Amurka kuwa tun 2019 ta ɗaga shekarun sayen taba zuwa 21. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen rubutu. Dokar taba ta 2015, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu dab da saukarsa, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana a sa yaro ya sayar, ta ma hana sayar da sigari kara-kara sai dai kwali guda mai 20. Don Allah wanda ya taɓa ganin mai tebur a ƙauyensu ya ƙi sayar da kara ɗaya saboda wannan doka ya gaya mini. Ai cinikin ma gaba ɗayansa na kara ne.

Masu cewa a tilasta neman kati ina jin su, kuma niyyarsu mai kyau ce. Sai dai ina tambaya, wane katin? Yaran da aka haifa a ɗaki a hannun ungozoma, nawa ne aka kai ofishin hukumar ƙidaya aka karɓo musu takardar haihuwa? Shekaru a wajenmu da damina ake ƙirga su, ko da abin da ya faru. Wane an haife shi shekarar da Abacha ya rasu, wance shekarar da ruwa ya cinye gonakin fadama. Ranar da ake buƙatar takarda, sai a je kotu a yi rantsuwar shekaru, kuma kowa ya san yadda ake yi: mai neman aikin ɗamara ya rage, mai neman ƙuri'a ya ƙara. Ku duba katin ɗan ƙasa na mutanen garinku ku ga yawan waɗanda aka rubuta wa 1 ga Janairu, sai ka ce duk ungozomomin ƙasar nan rana ɗaya suke aiki. Takardar da mai ita ne ya zaɓi abin da za a rubuta a ciki ba za ta tsare ƙofar shago ba.

Amma ko da kowane yaro na da sahihiyar takarda a aljihu, akwai kalmar da ke karya kowace doka a ƙauye, ita ce "an aike ni". Da yaro ya faɗe ta, magana ta ƙare, domin mai shago ba yaron yake gani ba, uban yake gani, kuma ba ya son a ce ya wulaƙanta saƙon babba. Mu manya mu muka buɗe wannan ƙofa. Mu ke ba ɗan shekara bakwai kuɗi ya sayo mana kara biyu a tebur. Mu ke aika yarinya ta karɓo maganin ɓera a ƙulle a leda, ta haɗo shi da magi da daddawa a kwano ɗaya. Mu ke aika yaro da galan ya sayo fetur wajen 'yan bumburutu. Ranar da ya tashi sayen nasa, sholisho ne ko ƙwaya, ya riga ya san hanya, ya san farashi, ya kuma san kalmar da ake faɗa. Wa zai ce masa ƙarya yake, bayan shekara biyar yana zuwa da aiken gaskiya?

Mun ga inda wannan ya kai mu da kodin. Sai da abin ya zama abin kunya a idon duniya, bayan binciken BBC na 2018, sannan gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tarin da shigo da shi. A 2019 kuma hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper barkatai a kasuwa saboda yadda matasa ke sha don kashe kansu. Duk waɗannan daga Abuja aka yi su, kuma sun rage wani abu. Sai dai fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalbar da ba ta da suna tana nan a kan tire ranar kasuwa, kusa da mai sayar da ƙuli-ƙuli.

Shi ya sa nake ganin abin da Alhajin nan ya yi mini ya fi neman kati amfani a wajenmu. Mai shagon ƙauye yana da abin da mai kantin Landan ba shi da shi: ya san yaron, ya san ubansa, wataƙila ma ya ci tuwon sunansa. Ba ya buƙatar takarda kafin ya san wane bai isa riƙe guba ba. Abin da yake buƙata shi ne ya iya cewa "je ka turo babba" ba tare da uban ya zo yana huci ba, kamar yadda na je. Nan ne wahalar take, don in ya ƙi, na kusa da shi zai sayar, kuma ciniki ya tafi. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Amma masu maganin feshi da masu kemis na kasuwa ɗaya ba su fi a tara su a rumfa guda ba. In sarkin kasuwa da dagaci suka zaunar da su, liman ya faɗa a huɗuba cewa daga yau guba da taba da ƙwaya ba aiken yaro ba ne, uban da aka koro wa ɗa ba shi da wanda zai kai wa ƙara.

Na san za a ce wani tsoho ne, wata kuma matar kulle ce, ba su da ɗan aike sai yaro. Gaskiya ne. To a aiki saurayin gidan, ko maƙwabci mai zuwa kasuwa, kamar yadda ake yi in kayan masu tsada ne. Ban taɓa ganin wanda ya ba ɗan shekara goma kuɗin bijimi ya ce ya je kara ya sayo ba.

Da na koma gida yaron na zaune a dakali, yana tsammanin faɗa zan yi masa. Na ce ya ɗauko mini tsani, na ɗora kwalbar a saman rumbu inda ni ma sai na yi ɗage nake kaiwa. Feshin na yi shi da asuba, kafin iska ta tashi.