Goggo ba za ta biya ko kwabo ba

Duk wanda zai sake rubuto min cewa mu biya kuɗin nan a wuce wurin, don Allah ya yi haƙuri ya riƙe shawararsa. Tun da na saka hoton saƙon da wani kamfanin rance ta manhajar waya ya turo wa Goggo, wai yana binta bashi, abin da nake ta karantawa ke nan a ƙasan rubutun da kuma ta bayan fage: ai naira 42,000 ce kawai, ku haɗa ku biya, mutunci ya fi kuɗi. Har wani bawan Allah ya ce shi zai ba da rabi fisabilillahi. Na gode masa, Allah ya saka da alheri, amma ba za mu karɓa ba. Goggo ba ta ci bashin kowa ba, kuma ba za ta biya ko kwabo ba.

Matar da 'yar ƙaramar waya mai madanni take riƙewa, wadda ko saƙo aka turo mata sai ta nemi jikanta ya karanta, ita ce aka ce ta sauke manhaja ta cike fom ta karɓi rance da tsakar dare. Mun je banki mun ciro takardar shige da ficen kuɗin asusunta, babu sisin da ya shiga daga wurinsu. To ina kuɗin suka je? Wane asusu aka tura wa? Wa ya buɗe shi? Da na tambayi wanda yake kiranta, sai ya ɗaga murya, wai BVN ɗinta, wato lambar tantancewarta ta banki, ne a jikin takardarsu, wai idan ba ta biya kafin la'asar ba za su baza hotonta a duniya da sunan ɓarauniya. Tsohuwar da duk unguwar Jekadafari ta garin Gombe aka santa da riƙon adashin mata shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Wallahi har yanzu idan na tuna muryar yaron nan raina ɓaci yake yi.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wannan gaskiya ne. Wanda ya ci, shi za a nema.

Masu cewa a biya a huta, ina hutun yake? Ranar da kuka tura musu ko naira dubu ɗaya da sunan rage bashi, kun ba su hujjar da ba su da ita jiya. Gobe idan magana ta je gaban hukuma, abin da za su fara ajiyewa a tebur shi ne rasiɗin nan: ga shi ta fara biya, me ya sa ta biya idan ba ita ta karɓa ba? Shi ya sa suke lallaɓa mutum da cewa kawo abin da ya samu mu yafe maka sauran. Ba tausayi ba ne, amsa laifi suke nema. Sannan wanda ya yi amfani da bayanan Goggo yana nan, bayanan suna hannunsa. Manhajojin rancen nan ba ɗaya ba ne, ba goma ba ne. Idan aka biya na yau, na wancan kamfanin yana tafe, kuma a ranar ma za ku ce min ai kuɗin kaɗan ne. Har yaushe za mu riƙa biya wa ɓarawo bashi da guminmu, shi kuwa yana kwance a ɗakinsa?

Abin da ya fi taɓa ni ba barazanarsu ba ce. Maganar Goggo ce da na same ta bayan magariba. Ta ce, "Kai ɗan nan, ni ba hoton nake tsoro ba, tsorona in mutu da bashi a wuyana." Wannan tsoron suke ci da shi, ko sun sani ko ba su sani ba. An tarbiyyantar da mu da cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, kuma a wurin jana'iza kafin a sallaci mamaci sai an tambaya ko akwai mai binsa bashi. Mutumin da ya tashi a kan wannan, da zarar ka kira shi mai taurin bashi ka gama karya masa gwiwa. Na ce mata, Goggo, addinin da ya tsoratar da ke game da bashi shi ne ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma cewa ta yi a rubuta, a kafa shaidu. Ina rubutunsu? Ina shaidunsu? Babu wani bashi a wuyanki. A wuyan wanda ya karɓa yake, shi zai amsa a gaban Allah.

Wasu kuma sun tsorata da maganar 'yan sanda, don saƙon ya ce za a zo a tafi da ita. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma ba a kama wani a madadin wani. Ko da ita ta ci bashin, hanyar karɓarsa kotu ce, da sammaci, da alƙali. Balle ba ta ci ba. Laifin da ke cikin wannan maganar shi ne satar bayanan mutum a yi amfani da sunansa, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kansa. Mu ne ya kamata mu je ofishin 'yan sanda, kuma mun je.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a toshe lambarsu a koma barci. Wannan ma kuskure ne, kuma da yawa daga masu cewa a bar wa Allah nan suka dosa. Idan kamfanin mai rajista ne, yana iya kai sunan mutum wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin jama'a, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Mutum ba zai sani ba sai ranar da ya je neman lamunin noma ko na jari a banki, a ce masa sunansa ya ɓaci. Akwai kuma tsarin GSI da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a watan Agustan 2020, wanda ya ba banki damar bin BVN ya ciri kuɗi daga asusun mai bashi da ke wani bankin daban. Mai shiru yana iya wayar gari ya ga an taɓa masa ajiya. Don haka ba biya, ba kuma shiru. A musanta, kuma a musanta a rubuce.

Mu dai mun daina amsa musu ta baki, don maganar waya iska ce. Kowane saƙo an ɗauki hotonsa da kwanan wata da lambar da ya fito. Mun rubuta wa kamfanin takarda gajeriya cewa Goggo ba ta nemi rance ba, ba ta karɓa ba, ba ta amince da komai ba, muna so su turo takardar yarjejeniyar, da lambar asusun da suka tura kuɗin, da sunan bankin, da lambar wayar da aka yi rajista da ita, da hoton fuskar da aka ɗauka lokacin neman rancen. Ko kalma ɗaya ta ban haƙuri ba mu sa ba, ba mu ce a ba mu lokaci ba, don neman lokaci ma amsawa ne. Goggo ta yi takardar rantsuwa a kotu, mun karɓi takardar rahoton 'yan sanda, mun kai kwafi bankinta muka sa aka buga mana hatimi a kan namu. Idan banki ne ko wata cibiyar kuɗi da ke ƙarƙashin Babban Banki, ƙa'ida ita ce a fara kai musu ƙorafi, idan mako 2 ya wuce ba su warware ba a ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin, kuma yana da reshe a nan Gombe. Dokar tarihin bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ta kuma ba shi damar ƙalubalantar abin da aka rubuta masa ba daidai ba. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa dubawa?

Masu cewa hukumomin nan ba sa komai, ku fara kai ƙarar tukuna. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin kamfanonin rancen nan a Legas a watan Maris na 2022, daga baya ta wajabta musu yin rajista, kuma jerin waɗanda ta amince da su yana shafinta kowa zai iya dubawa. Tun a 2021 hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa ta ci tarar wani kamfani naira miliyan 10 saboda tura wa mutane saƙonnin tozarta masu bashi. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobin waya da hotunan da ke wayar mutum, a shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a da ta kafa hukumar NDPC. Duk wannan ya faru ne saboda wasu sun ƙi haɗiye wulaƙanci, sun rubuta ƙorafi. Mu a nan arewa kunya ta sa muna biya a ɓoye, shi ya sa suke ganin mu ne masu sauƙin tatsa.

Sai masu cewa ai laifinta ne, wa ya ce ta ba da BVN ɗinta. Eh, ta bayar. Wasu samari ne suka zo unguwa da takardu suna rubuta sunayen zawarawa da marayu wai za a ba da tallafi, suka karɓi BVN da NIN, suka ɗauki hotonta. Rabin matan layin sun bayar. Mace ta rasa miji, tana riƙe da jikoki, a zo mata da maganar tallafi a wannan tsadar, ka ce me ya sa ta yarda? An yaudare ta, kuma wanda aka yaudara ba ya zama mai bashi saboda an yaudare shi. Kamfanin da ya ɗauki kuɗinsa ya miƙa wa mutumin da bai tantance ba, cikin 'yan mintoci, don yana gaggawar cin riba, shi ya yi sakaci da dukiyarsa. Ya je ya bi sawun asusun da ya tura wa. Ba za a ɗora wa tsohuwa asarar gangancinsu ba. Na faɗa, ina sake faɗa, ko kwabo.

Kuma tunda maganar ta kawo mu nan, akwai abin da ya daɗe yana damuna game da layukan waya na mamata. Mutum ya rasu, a raba gado, a raba kaya, wayarsa a jefa a durowa a manta. Layin nan idan ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin sadarwa yana karɓewa ya sayar wa wani, alhali har yanzu shi ne a jikin asusun mamacin da BVN ɗinsa. Sabon mai layi sai ya riƙa ganin saƙonnin banki na mutumin da bai sani ba. Idan mai tsoron Allah ne ya goge, idan ba shi ba ne kuma sai abin da Allah ya yi. Haka ma layin da ya ɓace a kasuwa aka ƙi zuwa a dawo da shi saboda dogon layi a ofis. Waɗanda suka yi rashi a shekarun nan, daga Pantami zuwa Bolari zuwa Tumfure, ku duba durowar nan, ku ɗauki takardar shaidar rasuwa ku je banki ku sanar da su. Ni ma gobe da safe zan tambayi Adda inda layin marigayi Baffa yake.