Mai fam hamsin da mai tuwon tasha

Akwai wani ɗan lambu a nan Manchester, Sackville Gardens, inda nakan ci abincin rana in ruwan sama ya ɗaga mana ƙafa. Tun 2001 aka zaunar da mutum-mutumin Alan Turing na tagulla a kan benci, da tuffa a hannu. Masu yawon buɗe ido sukan rungume shi su ɗau hoto.

Turing masanin lissafi ne. Yana cikin waɗanda suka warware saƙonnin sirrin da Jamus ke aikawa ta na'urar Enigma a yaƙin duniya na biyu, kuma kwamfutar da ke hannunka tana da bashinsa. A 1952 aka gurfanar da shi saboda hulɗa da namiji ɗan'uwansa, aka ce ya zaɓa: kurkuku ko allurar kashe sha'awa. Ya zaɓi allura. A 1954 aka tsinci gawarsa, ya sha guba, yana da shekara 41. Sai 2009 firaministan Birtaniya Gordon Brown ya nemi afuwa, Sarauniya Elizabeth ta yafe wa Turing a 2013, a 2021 aka buga fuskarsa a takardar fam 50. Ihu bayan hari. Shi ya sa idan Bature ya fara yi mini wa'azi kan Afirka, nakan tambaye shi shekara nawa suka ɗauka.

To amma duk ranar da na zauna kusa da tagullar nan, garin Tawa na Nijar nake tunawa. A bakin tasha akwai wani ɗan daudu mai tuwo, ba zan kama sunansa ba. (Daudu daban yake da abin da Turawa ke kira LGBT, wato masu neman jinsi ɗaya da makamantansu, cikinsu akwai masu mata da 'ya'ya, amma tsangwamar iri ɗaya ce.) Zani a ƙugu, muciya a hannu, bakin nan kamar reza. Duk bikin da matan unguwarmu suka yi, shi ke kan tukunya. Almajirai sun san ƙanzonsa, kuma mu 'yan lakwal da ba mu da ko dala biyar, sai ya zuba mana miya har da tsoka ya ce, "Ci ka tashi, ɗan nema, kar ka kore mini ciniki." Mu ci, mu koma gefe mu kwaikwayi tafiyarsa.

Ba fatawa na zo bayarwa ba, malamai na nan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an koya mana ambaton mamaci da alheri, amma shi ko wannan mun hana shi.

Bara Inna ta faɗa mini a waya, tsakanin labarin tsadar hatsi da na auren ƙanwata: "Wancan mai tuwon tasha ma ya rasu."

Na ce, "Allah ya jiƙansa, Inna. An samu jama'a?"

Ta yi shiru, sannan ta ce almajirai dai sun je.