Kasuwar Lantarki da Mai Saye Ba Shi da Zaɓi

Tun da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa ashirin a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, masu kare tsarin suke ta nanata cewa haka kasuwa take, wanda yake son wuta ya biya abin da aka kashe wajen samar da ita. Kalmar kasuwa a bakinsu ita ce ta fi ɓata mini rai, domin sun ɗauki farashinta sun watsar da ƙa'idarta.

Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta wargaza NEPA, sannan a Nuwamban 2013 aka fara miƙa tashoshin samar da wuta da kamfanonin rarrabawa goma sha ɗaya ga 'yan kasuwa. Gwamnati ta riƙe TCN mai manyan layukan dakon wuta, NBET kuma ya zama dillalin da ke saye daga tashoshi yana sayar wa masu rarrabawa. Amma kowane kamfanin rarrabawa an yanka masa yankin da babu mai shiga masa. Idan mai hatsi ya tsawwala a Dawanau, sai mai saye ya matsa rumfa ta gaba. Magidanci a Kano, Katsina ko Jigawa kuwa KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, kaɗai yake da shi, na Sakkwato, Kebbi da Zamfara kuma sai kamfanin Kaduna. Wata ƙa'idar NERC ta 2017 ta ba manyan masana'antu damar saye kai tsaye daga tashoshi, amma tela da mai walda da mai injin markaɗe ba su cikin wannan gata.

Abin da ya fi muni shi ne miliyoyin gidaje ba su da mita, ana kawo musu takardar kuɗi ta ƙiyasi. A wace kasuwa ake auna wa mutum hatsi babu mudu, sannan a ce ya biya ko a yanke masa? Su kansu masu sayen kamfanonin da yawa da bashin banki suka saya, shi ya sa a 2022 bankin Fidelity ya karɓe ragamar kamfanonin Kano, Kaduna da Benin. Wanda bashi ya shaƙe wa wuya ba zai sayi taransifoma ba, kuma kuɗin da bai tura wa NBET ba shi ke hana tashoshi biyan masu iskar gas.

Masu kiran a dawo da NEPA sun manta da duhun da ta bar mu a ciki, ba sai an tsaya a kansu ba. Abin da ya kamata shi ne a haramta duk wani ƙarin kuɗi sai an sa wa mai saye mita, kuma gwamnonin Arewa su yi amfani da dokar lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, su ba wasu kamfanoni lasisi, musamman masu wutar sola, su yi gogayya da waɗanda ke nan. Lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace a Oktoban 2024, jihohin Arewa sun kwashe kwanaki a cikin duhu, 'yan Band A da sauran jama'a baki ɗaya, kuma ba su da wani kamfani na biyu da za su koma wa.