Kurma na sayen kati, me kamfanonin waya ke sayar masa?

A farkon watan Satumban 2021 aka kashe sabis ɗin waya a faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Duk wanda ke Gusau a lokacin bai manta ba. Waya na hannunka, cajinta a cike, akwai kati a ciki, amma ba ta kai maganarka ko ƙofar gida. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa ko Sakkwato don kawai su shaida wa 'yan uwa suna nan da rai. Sai a watan Oktoba aka maido da sabis a Gusau, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba.

A cikin kwanakin nan na zauna a shagon ɗan yayata, wanda tela ne, magidanci mai 'ya'ya biyu. Sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara huɗu, Allah ya yi da sauran kwanansa, amma jin ya tafi. Ina ta nuna masa da hannu irin takaicin riƙe wayar da ba ta kira. Ya ajiye almakashi, ya jawo littafin da yake rubuta awon kaya, ya rubuta mini: "Kawu, ni kullum haka." Tun ranar nake kallon harkar waya da wani ido daban.

Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba 'yan kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 430 ne ke da lalurar ji mai tsanani a duniya. Mu nan muna zaune ne a tsakiyar yankin da sanƙarau ke zagayowa duk lokacin zafi. Annobar sanƙarau ta 2017 ta fi yin ɓarna ne a Zamfara, kuma cutar kan bar wasu daga cikin waɗanda suka tashi da kurumta. Ga ƙyanda, ga ciwon kunne mai ruwa da ake barin yaro da shi har ya cinye masa ji. Da wuya ka zagaya unguwa a Gusau, Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara ba a nuna maka gidan da ke da kurma ba. Teloli ne, kafintoci, masu wankin mota, masu gyaran takalmi, matan aure masu sana'ar hannu a cikin gida. Suna da layi, sun yi layin haɗa shi da lambar NIN kamar kowa, suna sayen kati da kuɗin guminsu.

To me ake sayar musu? Tun zuwan wayar salula a 2001 kasuwar ta ginu ne a kan murya. Garaɓasar da ke biyo bayan sa kati, yawancinta ta kira ce. Tsare-tsaren da ake haɗa kira da data wuri ɗaya, kuɗin mintocin na cikin farashin, ko ka yi amfani da su ko ba ka yi ba. In layi ya sami matsala ka kira 300, wata murya ce za ta ce ka latsa kaza don kaza. Lambar 622 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ware don kai ƙorafi, ita ma kira ce. Na latsa *312# a layukan da ke wayata, na ga tsarin dare, na ga na kafofin sada zumunta, na ga na kwana ɗaya da na wata, ban ga wanda aka yi da kurma a zuciya ba.

Na san abin da wasu za su ce: ai ga tes, ga WhatsApp, ya rubuta mana. Wannan maganar wanda bai zauna da kurma ba ce, kuma a nan nake so a tsaya a fahimce ni. Kurame iri biyu ne a wannan fage. Akwai wanda ya rasa ji bayan ya girma, ya iya Hausa, wataƙila ya yi makaranta. Wannan yana magana sarai, amsar da ake ba shi ce ba ya ji, don haka rubutu na yi masa aiki. Akwai kuma wanda aka haifa da kurumta ko ya rasa ji tun bai gama buɗe baki ba. Shi harshensa na uwa hannu ne. Hausar da ake rubutawa baƙon harshe ce a wurinsa, bai taɓa jin sautinta ba, sai dai ya haddace siffar kalmomi in ya dace da makaranta. Nawa ne daga cikin kuramen ƙauyukan Anka, Maru ko Shinkafi suka dace da ita? Ɗan yayata ya yi firamare, yana iya rubuta "zo karɓi kaya gobe". Amma ya bayyana wa likita yadda ciwon ɗiyarsa ya faro, ko ya yi ciniki da mai sayar da yadi, ko ya ba matarsa haƙuri, wannan sai da hannu da fuska.

Sannan mu kanmu masu ji, wa ke rubutu? Ku duba zaurukanmu na WhatsApp, na dangi da na unguwa. Saƙon murya ne a jere: sanarwar rasuwa, ɗaurin aure, lokacin jana'iza, har gargaɗin cewa kada a bi hanya kaza. Mun sami sauƙi da shi domin da yawanmu ba su iya boko ba, kuma ba laifi ba ne. Sai dai kurman da ke cikin zauren yana ganin saƙonni na shigowa, bai san ko haihuwa aka yi ko mutuwa ba, sai ya sami wanda zai saurara masa.

Kalmar nan "wanda zai saurara masa" ita ce ta fi ci mini rai. Duk kiran da ya shigo wayar ɗan yayata, yaron shagonsa yake miƙa wa. Yaron ya san wa ke binsa bashi, ya san wa yake bi, ya san abin da surukansa suka ce. In banki ya kira, yaron ne. Mutum ya kai shekara talatin, yana ciyar da gida, amma ba shi da sirri ko na minti ɗaya a waya. Mace kuwa abin ya fi muni, domin akwai maganar da ba ta iya bi ta bakin ƙaninta ko ɗan maƙwabta, sai ta haɗiye.

Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne kiran bidiyo. Ranar da ɗan yayata ya sayi babbar waya, ya jingina ta da keken ɗinki, ya ja baya, ya shiga hira da abokinsa kurma da ke Kano, hannu na tashi, fuska na dariya, na ga mutumin da ban taɓa sani ba duk da a gabana ya girma. Kiran bidiyo shi ne kiran wayar kurma. Amma tsada gare shi. Yana shan data ninkin-ba-ninkin abin da kiran murya ke sha, yana cinye caji, mai shagon caji kuma kuɗi yake karɓa. Yana buƙatar sabis mai ƙarfi, domin in hoto ya tsaya na daƙiƙa ɗaya, kalma ta faɗi, wani lokaci ma'anar jimla duka ta juye. Inda sabis bai wuce 2G ba, mai ji zai yi kiransa lafiya lau, kurma kuwa wayarsa ta zama tocila. Ga shi a watan Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Kowa ya ji a jikinsa, amma wanda gaisuwar minti biyar da mahaifiyarsa ke ci masa kuɗi fiye da kowa, shi ya fi ji.

Buƙatata ta farko mai sauƙi ce. MTN, Airtel, Glo da sauransu su fito da tsarin da kurma zai musanya mintocin kira da data da tes. Abin da ya biya, a ba shi a siffar da zai iya amfani da ita, garaɓasar kira ma a mayar masa da ita data. Ban ce a ba shi kyauta ba, kuma kuramen da na sani ba sadaka suke nema ba. Kamfanoni na kukan tsadar gas ɗin da ke kunna turakun sabis da ɓarnar da ake yi musu, musamman a jiha irin tamu, kuma kukan na da tushe. Sai dai musanya ba ta taɓa ribar kowa sosai, kuma wanda ya tsara data ta dare don masu kallon bidiyo bai rasa dabarar tsara wannan ba.

Za a ce masu ji za su yi tururuwa su ce su ma kurame ne. Za a sami masu gwadawa, ba na musu. Amma kowane layi yanzu a ɗaure yake da NIN. Akwai Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da aka kafa a 2020, akwai asibitocin da ke gwajin ji, akwai ƙungiyar kurame ta ƙasa, kuma kurame sun san junansu fiye da yadda muke zato. Layi ɗaya ga mutum ɗaya, da shaidar ɗaya daga cikin waɗannan, ya wadatar. Tsoron ɓarawo bai taɓa hana a ci kasuwa ba.

Musanya dai tana gyara hira ce tsakanin kurma da kurma, ko da danginsa da suka iya hannu. Yaya zai kira likita, ko lauya, ko ofishin fansho? Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Amurka dokar masu buƙata ta musamman ta 1990 ta wajabta samar da tafinta a tsakiyar kira. Kurma ya rubuta ko ya yi magana da hannu ta bidiyo, tafinta ya faɗa wa mai ji da baki, ya maido da amsa. Lambar 711 ake bugawa don na rubutu, kuɗin aikin kuma na fitowa ne daga gudummawar da ake karɓa ta hannun kamfanonin sadarwa. A Ingila akwai irinsa, kuma tun 2022 kurma na iya kiran lambar gaggawa ta 999 ta bidiyo da maganar hannu.

Mu ma ba mu rasa abin da za mu dogara da shi ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019. Dokar sadarwa ta 2003 kuma ta kafa asusun USPF, wanda aikinsa shi ne kai sadarwa ga waɗanda kasuwa ta bari a baya, kuma ana zuba masa kuɗi daga abin da kamfanoni ke biyan NCC. In kurma bai cikin waɗanda kasuwa ta bari a baya, ban san wa ke ciki ba. Cibiya ɗaya mai tafintoci, wadda kiran bidiyo zuwa gare ta ba ya cin data, ba ta fi ƙarfin wannan asusu ba.

Sai dai in za a yi, a yi ta da mu a zuciya. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya ta samo tushe ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan mishan da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ƙasar Hausa kuwa tana da tata maganar hannun tun kafin nan, wadda kurame ke koya daga junansu a kasuwa da dandali, har masu ji da yawa sun iya wani abu daga cikinta. Tafintan da ya iya ta makaranta kaɗai, yana fassarawa zuwa Turanci, ba zai amfani manomin Tsafe da komai ba. Ana buƙatar waɗanda suka iya duka biyun kuma suna jin Hausa, kuma irinsu na nan a gidajenmu: 'ya'yan kurame, ƙannensu, malaman makarantunsu. A horar da su, a rantsar da su kan riƙe sirri, a biya su albashi. A tabbatar akwai mata a cikinsu, domin matar aure a Zamfara ba za ta buɗe fuska ga baƙon namiji a bidiyo ta yi masa bayanin ciwon ciki ba.

Akwai abin da bai kamata ya jira Abuja ba. A jihar nan kiran waya na tsakar dare na iya zama bambancin kwana a gida da kwana a daji: "Ga su nan tafe, ku fita." Kurma ba ya jin ƙarar wayar, sai in ya sa ta a jijjiga ya kwana da ita a jikinsa, ko ya kunna fitilar da ke walƙiya in kira ya shigo, abin da ya kamata masu gyaran waya su riƙa saita musu. In kuma shi ne ya fara ganin abin, wa zai gaya wa? Lambar gaggawa ta 112 an san ta ne da kira: ka buga, a ɗauka, ka yi bayani da baki. Gwamnatin jiha na iya ware lamba ɗaya mai karɓar tes da WhatsApp, a zaunar da mutum a kanta dare da rana, a raba ta ta hannun ƙungiyoyin kurame da masu unguwanni. Mai ji ma da ya ɓuya a cikin gona, wanda ko tari ba ya iya yi, wannan lambar ce za ta yi masa rana.

Na tambayi ɗan yayata yadda yake yi da dare yanzu. Ya nuna mini cewa ya roƙi maƙwabcinsa, in wani abu ya taso, ya tsallako katanga ya tashe shi da hannu.