"Ai mu a tudu muke": abin da ya faru a duwatsun Amurka ya shafi Zariya

Idan aka kawo zancen ambaliya a Zariya, amsar da ka fi ji ita ce, "Ai mu a tudu muke." Sunayen unguwanninmu ma suna taya mu wannan tunani, ga Tudun Wada, ga Tudun Jukun. A ganinmu ruwa matsalar mutanen Lokoja ce da sauran masu kwana a bakin Neja da Binuwai. Wani dattijo ya faɗa mini haka a majalisarmu bayan la'asar, muna duba hotunan wani gari da ruwa ya cinye a waya. Na ce masa, "Baba, su ma waɗannan a tudu suke." Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo.

Garin sunansa Asheville, yana cikin duwatsun yammacin jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Tsayinsa daga doron teku mita 600 da ɗoriya ne, kusan ɗaya da na Zariya, kuma tsakaninsa da teku akwai ɗaruruwan kilomita. Mutane sun riƙa ƙaura zuwa can saboda sun ɗauke shi wurin tsira daga guguwar teku. A daren 26 ga Satumba 2024 mahaukaciyar guguwar Helene ta sauka a gaɓar Fulorida, ta nausa arewa, washegari ta isa waɗannan duwatsu. Kogin French Broad da ya ratsa garin ya haura iyakar da ya kafa tun ambaliyar 1916. Mutum fiye da 100 suka rasu a jihar kaɗai, kuma mutanen Asheville sun shafe sama da mako bakwai ba su sha ruwan famfo ba, domin ruwa ya yi awon gaba da manyan bututun garin.

Yadda abin ya auku shi ne ya kamata mu tsaya a kansa. Kafin guguwar ta iso, an riga an yi kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Da iska mai ɗauke da danshin teku ta bugi duwatsu, dole ta hau sama, ta huce, ta zubar da abin da ta ɗauko. A wani ƙauye mai suna Busick an auna fiye da milimita 750 cikin kwana uku. Mu a Zariya abin da muke samu daga farkon damina zuwa ƙarshenta bai wuce milimita 1,000 da kaɗan ba. Ƙasar da ta riga ta jiƙe ba ta da wurin ajiye wani ruwa, sai ta saki jikinta, ta gangaro da laka da duwatsu da itatuwa a kan gidajen da ke ƙasa. Masu binciken ƙasa na Amurka sun ƙirga zaftarewar ƙasa fiye da 2,000. Hanyoyi sun yanke, waya ta ɗauke, ƙauyuka da dama sai da jirgi mai saukar ungulu aka kai musu ɗauki. Kuma yawancin masu gidajen ba su da inshorar ambaliya, saboda ba su taɓa ɗauka ruwa zai iske su a kan dutse ba.

Mai karatu zai ce irin wannan guguwa ba ta zuwa Arewa, kuma ba mu da gangare irin nasu. Gaskiya ne, na yarda. Dutsen Kufena ba zai zaftaro kan birni ba. Amma abin da ya hallaka mutanen can ruwa ne da ya sauka da yawa cikin ɗan lokaci a kan ƙasar da ba za ta iya shanye shi ba, ya bi hanyar da ya saba bi, ya tarar an gina gidaje a kanta. Wannan kam ba ya buƙatar guguwar teku. A ranar 14 ga Agusta 2017 ruwan damina ne kawai ya zaftaro da ɓangaren dutsen Sugar Loaf a wajen Freetown ta Saliyo, inda aka sare itatuwa aka yi gine-gine, mutum fiye da 1,000 suka rasu ko suka ɓace. A Maris 2023 guguwar Freddy ta gangaro da laka daga dutsen Soche kan unguwannin talakawa a Blantyre ta Malawi. A gida kuma, cikin watan da Helene ta yi ɓarna ne madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri, sannan a ƙarshen Mayu 2025 ruwan dare ɗaya ya wayi Mokwa da gawawwaki fiye da 150. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ina tuna 'yan'uwanmu da ke zaune a ainihin tsaunuka, a Mambila da Filato da duwatsun Kagoro, inda gatari ke cin itatuwan gangare saboda gawayi da itacen girki. Saiwar itace ce ke riƙe ƙasa a jikin dutse. Wanda ke sarewa talauci ne ya tura shi, ban ga laifinsa kamar yadda nake ganin laifin barinsa ba tare da wata hanyar dafa abinci ba.

A nan Zariya kuma, matsalarmu ta fi kusa da ƙofar gida. Kakanninmu da suka haƙa ƙasa suka gina ganuwa da gidaje sun bar mana kududdufai, kuma su ne rumbun ruwan birni duk damina. Kududdufin da na yi wasa a bakinsa ina yaro yau an cike shi da shara, an yanka filaye, an ɗora bulo. Ruwan da yake riƙewa yanzu zauren maƙwabtanmu yake shiga, bara ma ya kayar da katangar wata tsohuwa cikin dare, Allah Ya tsare ba a rasa rai ba. Kwalbatoci sun toshe da leda, kwatoci sun cika da yashi, gine-gine kuma kullum ƙara matsawa suke bakin kogin Kubanni. Kowane fili da aka lulluɓe da siminti ƙarin ruwa ne da ake turawa gidan wanda ke gangare, kuma wanda ke gangare yawanci mai gidan ƙasa ne.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa (NiMet) da hukumar sa ido kan ruwan koguna ta ƙasa (NIHSA) suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, kuma aiki ne mai amfani. Sai dai hasashen da ya tsaya a sunan jiha ko ƙaramar hukuma ba ya gaya wa mai gida ko lungunsa ne ruwa zai bi. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da malaman labarin ƙasa da injiniyoyin ruwa, da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su haɗa hannu da su da Masarautar Zazzau, a bi unguwa-unguwa tare da masu unguwanni da dattawan da suka san inda tsofaffin kududdufai suke, a zana hanyar ruwa, a hana sayar da abin da ya rage. Gidajen da aka gano suna kan hanyar a sanar da masu su da Hausa, a rediyo da masallatai, a kuma nuna musu makarantar da za su kai iyali idan ruwa ya kwana biyu bai ɗauke ba. Aikin rani ne wannan, kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas.