Safar hannu ba ta kare ka a gaban injin samfefa

Wasu masu koyon kafinta suna ɗauka cewa tunda injin goge katako yana cin fata, sai a sa safar hannu kafin a kunna shi. Wannan kuskure ne, kuma shi ke jawo mummunan rauni.

Dubi yadda injin yake aiki. Ko dai bel ɗin samfefa ne ke gudu a kan gangaye biyu, ko kuma sanda ce a tsaye da aka naɗe da samfefa, tana juyawa tana hawa da sauka don goge lanƙwasa. Idan yatsa tsirara ya taɓa samfefar, zai kuje, ka fizge hannunka nan take. Zaren safa kuwa samfefa kama shi take yi, ta ja yatsun zuwa cikin ratar da ke tsakanin bel da teburin injin da ake ɗora katako a kai kafin ka ankara. Hannun kaftani mai faɗi da agogo ma haka suke, a naɗe ko a cire.

Abin da ke kare yatsa shi ne a matso da teburin kusa da bel, ratar kada ta wuce milimita 2. A kwantar da katakon daram a kan teburin, a riƙa tura shi sannu a hankali yana fuskantar juyin sandar, don kada ta fizge shi. Guntun da ya yi ƙanƙanta a kama shi da abin matse katako, ba da yatsu ba. Kuɗin safar kuma gara a sayi tabarau da takunkumin ƙura da su, domin garin katako yana illata huhu. Za a canza samfefa? A zare wayar daga soket tukuna.