An Soke Koyarwa da Harshen Uwa Tun Kafin a Gwada Ta

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga rabin aji har jami'a. Hujjarsa ita ce ɗalibai suna faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka fi rungumar harshen gida. Faɗuwar gaskiya ce, kuma tana ci wa duk mai ɗa a makarantar gwamnati tuwo a ƙwarya. Amma wanda aka kama ba shi ya yi laifin ba.

A yi lissafi. A ƙarshen Nuwamban 2022 ne Malam Adamu Adamu, ministan wancan lokaci, ya bayyana cewa Majalisar Zartarwa ta amince a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare, kuma shi da bakinsa ya ce aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Yaron da ya zauna WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya na firamare ne wajen 2013. Lokacin da aka amince da tsarin ya riga ya shiga ajin farko na babbar sakandare. Ta ina tsarin ya taɓa shi? Littattafan lissafi da kimiyya na Hausa ko Kanuri ko Fulfulde ba su isa azuzuwa ba, kwalejojin ilimi ba su sauya yadda suke horar da masu NCE ba. Ko tanadin da ke cikin Manufar Ilimi ta Ƙasa tun 1977, cewa a fara shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a gari, a takarda ya tsufa.

Abin da ke gudana a aji kuwa duk wanda ya taɓa leƙa firamaren gwamnati a ƙauye ya san shi. Malam zai cika allo da Turanci daga littafinsa, yara su kwafa harafi bayan harafi ba tare da sun san inda kalma ta fara ko ta ƙare ba. Ya karanta, su amsa da ƙarfi. Idan ya ga idanunsu sun yi zuru-zuru sai ya juya Hausa ya yi bayani a gurguje, sannan ranar jarrabawa tambayoyi su zo da Turanci. A wasu makarantun har yanzu monita na rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji, a ci shi tara ko a yi masa bulala. Yaron da ya tashi a haka yakan gama aji shida bai iya karanta wasiƙar Hausa ba, Turancin ma hadda ce kawai. Wannan gauraye marar tsari shi ne aka yi shekaru ana yi, kuma shi ne ministan ya kalla ya kira koyarwa da harshen uwa.

Wa ma zai koyar da Turancin? A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta yanka ba. An yi ta jayayya kan adalcin jarrabawar, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki, kuma ni ina cikin masu ganin wulaƙanta malami a bainar jama'a ba gyara ba ne. Duk da haka abin ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda za a ce su koyar da lissafi da kimiyya da Turanci zalla su kansu Turancin bai zauna a bakinsu ba, domin irin wannan ajin ne ya yaye su. Umarni daga Abuja ba zai sa musu shi ba. Abin da zai faru shi ne malam ya ci gaba da bayani da Hausa a ɓoye, ya daina idan ya hango jami'in duba makarantu.

Ba a rasa inda aka gwada abin da gaske ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi musu fintinkau. Sirrin shi ne an rubuta littattafai, an ƙirƙiro kalmomin kimiyya, an horar da malamai kafin a shiga aji. A nan Arewa ma shirin "Mu Karanta" a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun bi hanyar fara koya wa yaro karatu da Hausa. Abin takaici, kuɗin ƙasashen waje ne suka ɗauki nauyinsu, jihohinmu ba su mayar da aikin nasu yadda ya kamata ba. Maƙwabtanmu kuma gaba suke yi: Nijar ta fara makarantun gwaji na harsuna biyu tun 1973 a Damagaram, a 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ministan ilimin Gana kuma ya ba da umarnin koyar da ƙananan yara da harshen uwa makonni kaɗan kafin namu ya soke.

Na fahimci tsoron iyaye. Uban da ya ga 'ya'yan masu hali suna zuba Turanci a makarantar kuɗi yana da hakkin ya ce kada a bar nasa a baya, tunda da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. Amma yaro sau ɗaya yake koyon yadda haruffa ke haɗuwa su ba da ma'ana, kuma ya fi saurin ganewa a harshen da yake ji. Idan ya iya, sai ya ɗauki wannan basira ya shiga Turanci da ita. Ɗan mai hali yana jin Turanci a gida da talabijin, ɗan manomi a Ɗanmusa ko Gwaram sai a aji, don haka dokar Turanci zalla ɗan talaka take kayarwa.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma mu Hausawa ya kamata mu saurare shi da kyau. Nijeriya na da harsuna fiye da 500. A Filato da Kudancin Kaduna da Taraba da Adamawa aji ɗaya kan tara yara masu harshe huɗu ko biyar, kuma akwai iyayen da ke tsoron a fake da harshen gari a shafe nasu da Hausa. Tsoronsu na da tushe. Maganinsa a bar kowace al'umma ta zaɓa, inda babu harshen da ya haɗa yara a yi Turanci. Sai dai wahalar Jos ba hujja ba ce ta hana yaron Kazaure, wanda duk ajinsa Hausa suke ji, ya koyi karatu da harshensa.

Firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take, ta hannun hukumomin ilimin firamare na jihohi (SUBEB), ilimi kuma yana cikin abubuwan da tsarin mulki ya ba jihohi damar yi wa doka. Gwamnonin Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara da Kebbi za su iya haɗa kai su buga littattafan aji ɗaya zuwa uku da Hausa, su biya kasonsu su karɓo kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya (UBEC) da ke jiran jihohi, su horar da malamin Turanci na musamman ga kowace makaranta. Bayan shekara uku a gwada karatun yaran da Hausa da Turanci, a buga sakamakon kowa ya gani, sannan ministan ya zo da nasa alƙaluman a zauna.